A Jikin Ɓera Aka Gwada, Ba a Jikinka Ba

Duk mai WhatsApp ya san irin saƙon nan: wai masana sun tabbatar zogale ko kurkur na kare zuciya daga illar maganin asibiti. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa yake saurin shiga kunne. Abin da mai turowa ba ya faɗa shi ne, a jikin wa aka tabbatar?

Zancen ya fi ta'allaƙa da doxorubicin, maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya. Ja ne wur, har fitsarin majinyaci kan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Tun 1974 Amurka ta amince da shi, kuma ya ceci rayuka bila adadin, musamman masu sankarar mama da ta jini. Sai dai yana taɓa tsokar zuciya, illar kuma taruwa take yi, wani ma sai bayan shekaru take bayyana. Shi ya sa likita ke lissafa jimillar abin da mutum ya karɓa, ya kuma tura shi hoton zuciya.

A ɗakin bincike, kasa ɓeraye ake yi kashi-kashi. Wasu a yi musu allurar maganin kawai, wasu a fara ba su sinadarin da aka tato daga kurkur, albasa, inabi, habbatus sauda ko ganyen zogale. Daga baya a auna troponin a jininsu, wanda ke hawa idan zuciya ta ji rauni, a kuma duba naman zuciyar da madubin likita. Sau da yawa waɗanda suka sami sinadarin ɓarnarsu ba ta kai ta sauran ba. Aiki ne mai kyau, ba abin rainawa ba.

Amma ɓeran nan yawanci lafiyayye ne, babu sankara a jikinsa, babu hawan jini ko ciwon suga. Gwajin na 'yan kwanaki ne ko makonni. Abin da aka ba shi tatacce ne, an auna daidai da nauyinsa, ba kwaɗon zogale ko kofin zoɓo ba. Sinadarin kurkur ma kaɗan ne hanjin mutum ke iya tsotsewa. Maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don kare zuciya daga illar doxorubicin tun 1995, wato dexrazoxane, sai da aka gwada shi a kan mutane tukuna.

Ganye kuma yana iya kashe wa magani kaifi. A 2009 masu bincike a Kalifoniya sun nuna sinadarin koren shayi ya hana bortezomib, wani maganin sankara, yin aikinsa a jikin ɓeraye. To, wannan me ya sa ba a turo mana shi?

Ci zogalenka a miya, babu wanda ya hana. Amma in kana karɓar maganin sankara, ko kana jinyar mai karɓa, kada ka fara jiƙo, gari ko ƙwayar ganye sai ka kai wa likitanka ya gani, komai tsoron faɗansa. Idan haki, kumburin ƙafa ko bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba suka taso, a koma asibiti a ranar.