Yadda Ake Farautar Talotalon Daji a Bazarar Amurka

Talotalon da muka saba gani yana taƙama a tsakar gida yana da ɗan'uwa a dazukan Amurka ta Arewa, amma halinsu ya sha bamban. Na daji doguwar ƙafa gare shi, a kan bishiya yake kwana, yana gudun da ya kai kilomita 40 a awa, in ya tashi sama kuwa sai ya ninka haka. Idonsa yana bambance launi, kuma da ɗan juya wuya ya ga duk abin da ke kewaye da shi. Hancinsa ne kaɗai ba shi da ƙarfi. Tsuntsu irin wannan ba a cim masa da ƙafa. Kiran sa ake yi ya kawo kansa, kuma duk abin da sabon maharbi zai koya a kan wannan ya ginu.

Saura ƙiris ma a rasa tsuntsun baki ɗaya. Sare dazuka da harbi ba ƙa'ida sun kusa ƙarar da shi kafin shekarun 1930. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. An fara gwada sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a keji, suka kasa rayuwa a daji. Sai a 1951, a Karolina ta Kudu, aka yi dabarar kama na daji da ragar da ake harbawa, ana kai su dazukan da suka ƙare a cikinsu. Ƙungiyar National Wild Turkey Federation, da aka kafa a 1973, ta sa hannu a aikin. Yau ana samun su a jihohi 49, Alaska ce kaɗai babu. Wannan tarihi ne ya sa dokokin farautar suke da tsauri, kuma ni ban ga laifin tsaurin ba.

Daga Maris zuwa Mayu, idan sanyi ya janye itatuwa suka fara toho, lokacin barbara ya zo. Namiji kan yi cara tun da asuba yana sanar da mata inda yake, kuma a safiyar da babu iska ana jin sa daga nisan fiye da kilomita guda. Kowace jiha da ranar da take buɗe farauta: kudancin Filorida tun farkon Maris, jihar Niyok kuwa daga 1 zuwa 31 ga Mayu, kuma da azahar ta gabato, ƙarfe 12 na rana, an tashi. Kafin komai sai ka yi kwas ɗin koyar da maharba, ka sayi lasisi da takardar izinin talotalo, ka karanta littafin dokokin jihar na wannan shekara, domin suna sauyawa. A bazara mai gemu kawai ake harbi, wato mai tukkun gashin nan da ke reto a ƙirji. Kusan duk maza ne ke da shi, ko da yake akan samu mace jefi-jefi. Idan gonar wani ce, sai da izininsa.

Aikin gaske yana farawa mako ɗaya ko biyu kafin ranar buɗewa, kuma ba da bindiga ba. Ka je dajin da asuba ka tsaya a kan tudu ka kasa kunne. Da rana ka bi hanyoyin daji da bakin rafi kana duba ƙasa: sawu mai yatsu uku, inda suka barbaza busasshen ganye suna neman abinci, ramin da suka yi birgima a ƙura, gashin da ya zuba a gindin manyan bishiyoyi. Kashinsu ma yana magana, na namiji dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe, na mace a dunƙule yake. Da magariba kuma ka koma ka ji fiffikarsu lokacin da suke hawa makwanci. Namiji a wannan lokaci duk wata ƙara ta ba-zata takan sa ya yi cara ba shiri, shi ya sa maharba ke kwaikwayon kukan mujiya ko na hankaka don ya tona inda yake. Kada ka yi masa kukan mace a waɗannan kwanaki, koya masa wayo kawai za ka yi.

Ranar farauta ka shiga da duhu, ba fitila idan ka kusa. Ka tsaya kamar mita 100 zuwa 150 daga bishiyar da ya kwana, ka nemi itace mai kaurin da ya fi faɗin kafaɗunka, ka jingina da shi. Tufafi masu launin ganye za ka sa, har da safar hannu da abin rufe fuska, don farar fata ko baƙa duk ɗaya ne a wurinsa idan ta motsa. Ka ɗora bindiga a kan gwiwa tun kafin gari ya waye, bakinta na duban inda kake sa ran fitowarsa. Maharbanmu na gargajiya kan ɗaura kan burtu su durƙusa su nufi dabba. Nan akasin haka ne: da ka zauna ka zauna ke nan. A Pensilbaniya ma doka ta hana sanɗa a bazara, kira kawai aka yarda da shi.

Abin kira iri uku ne ya fi yawa. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa, shi ya fi sauƙi ga sabon shiga. Akwai faifan dutse ko gilashi da ake karta da ɗan tsinke. Akwai kuma wata 'yar roba da ake ɗorawa a ganɗa, tana da wuyar koyo, amma hannu biyu suna kan bindiga. Kuka biyu ya ishe ka da farko: kiran mace na yau da kullum, wanda ake jerawa sau uku zuwa bakwai, da gajeren ƙyat-ƙyat ɗin da take yi tana kiwo. Yana kan bishiya ka yi ɗan kira a hankali, sau ɗaya ko biyu. In ya amsa, ya riga ya san inda kake, sai ka yi shiru.

A nan ne yawancin sababbi suke ɓata lamarin, don haka bari mu ɗan daɗe. A al'adar tsuntsun, namiji ne ke cara, mace ta taka ta je wurinsa. Kai kuwa so kake shi ya zo wurin mace, abin da ba haka ya saba ba. Saboda haka zai sauko, ya taho yana cara, sai ya toge a nisan mita 60 ko 70, ya baje wutsiya, ya ja fukafukai a ƙasa, yana kai-kawo yana jira ta fito. Zuciya za ta ce ka ƙara kira. In ka ƙara, ka tabbatar masa tana tafe, ba zai gusa ba. Ka yi gum, ko ka ɗan barbaza ganye da hannu kamar tana tono ba ta damu da shi ba. Minti ashirin kan wuce ba motsi, sannan ya ɓullo ba tare da ya yi ko tari ba, sau da yawa ta gefen da ba ka zata ba. Rafi ko shingen waya a tsakaninku ma kan tsayar da shi, wannan kuwa tun wajen zaɓen wurin zama ake kauce masa.

Wata safiyar kuma zai sauko cikin mata ya bi su, kiranka ko a jikinsa. Kada ka naɗe kaya. Mace tana yin ƙwai ɗaya a rana har su kai 10 zuwa 12, sannan ta kwanta a kansu kwana 28. Da hantsi sukan sulale su tafi sheƙa, su bar shi shi kaɗai, kuma namijin da ya amsa kira da ƙarfe goma na safe ya fi na asuba saurin zuwa.

Bindigar da ake amfani da ita mai watsa ƙananan ƙwayoyi ce, lamba 12 ko 20, mai matsattsen baki, da harsashi mai ƙwaya lamba 4, 5 ko 6. Ka gwada ta a kan takarda kafin ranar, ka ga inda ƙwayoyin suke taruwa. Kai da wuya ake nufa, domin gashin jikinsa yana tare ƙwaya, sai ya tafi da rauni ya mutu a banza. Kada ka wuce mita 35. Idan yana baje da wutsiya kansa a noƙe yake, ka yi masa ƙyat guda ya ɗaga wuya. Kada ka gyara bindiga sai kansa ya shiga bayan itace. Ɗan shekara guda ana gane shi da guntun gemu da gashin tsakiyar wutsiya da ya fi sauran tsawo. Inda doka ta halatta shi, ban ga abin kunya ba ga wanda ya fara da shi.

Haɗarin wannan farauta daga mutane yake. Kowa a ɓoye yake, kowa yana kukan talotalo, don haka wanda kake jin yana amsa maka zai iya zama ɗan Adam. Kada ka sa ja, fari ko shuɗi, ko da safa ce, launukan kan namiji ke nan. Kada ka ja kunama don ka ga motsi ko ka ji ƙara, sai ka ga tsuntsun da gemunsa, ka kuma ga abin da ke bayansa. In wani maharbi ya nufo ka, kada ka ɗaga hannu, ka yi magana da babbar murya kana zaune. Ka duba jikinka da ka koma gida, kaska ta yi yawa a dazukan nan, wasu kuma suna ɗauke da cutar Lyme.

In ya faɗi, ka sa wa bindiga makulli ka isa wurinsa da sauri, ka kiyayi ƙayar da ke bayan ƙafarsa, tana yanka. Musulmi ya yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da sauran rai ya yanka. Ka cika takardar izinin kamar yadda jihar ta tanada kafin ka ɗauke shi, ka sanar da hukumar namun daji ta waya ko intanet cikin wa'adin da ta ɗiba. Ka naɗe shi a cikin ƙyalle mai ruwan lemo mai haske kafin ka saɓa shi a kafaɗa. Babban namiji yakan kai kilo 8 zuwa 11. Ka fasa cikinsa da wuri in rana ta yi zafi. Naman ƙirji ba shi da kitse, ba ya son daɗewa a wuta, cinyoyin kuwa tauri gare su, sai an dafa su a hankali cikin romo.