Ɗaki Arba'in a Bakin Dam: Daga Ina Wutar Za Ta Fito?



Mazauna Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi sun san yadda titin Gidan Zoo ke cika da yawon Sallah, ba masaka tsinke. Masu ɗan hali kuwa sukan miƙi titin Zariya su nufi Tiga shan iskar bakin ruwa. Jama'a na neman wurin hutawa, masu jari kuma sun lura. To, ga mai niyyar faɗaɗa wurin shaƙatawarsa, in ya ƙara ɗakuna, wa zai ba su wuta?

Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka yi tunanin haɗa ruwa da hutu. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse, ga kuma na Bagauda, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi. Daga baya gwamnatin Kano ta tsara tashar lantarki mai megawat 10 a Tiga. Sai dai kada mai otal ya ce ai ga dam nan, shi ke nan. Ruwan Tiga na manoman Kadawa da na shan mutanen birni ne tukuna, injin kuma yana juyawa ne gwargwadon ruwan da aka saki.

Saboda haka a ɗauko biro da takarda kafin a ɗauko bulo. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin kilowat ɗaya da ɗoriya. Ɗaki arba'in a watan Afrilu, kowane baƙo ya ƙure tasa, ana maganar kusan kilowat hamsin ke nan, ba a ma shiga kicin ba, ba a taɓa firiza da ɗakin wanki ba. Ga injin rijiyar burtsatse, wanda in zai tashi yakan fizgi ninkin-ba-ninkin wutar da yake ci a kan aiki. Wanda ya jona duk wannan a tsohon wayarin da tsohuwar taransifoma, zai ji ƙaurin roba kafin baƙin su gama sauke jakunkuna.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. A Afrilun 2024 aka mayar da kilowat ɗaya na awa guda naira 225 ga masu amfani da lantarki 'yan rukunin A. Man gas ɗin janareto kuwa, tambayi mai injin markaɗe na layinku.

Nan sola ta shigo, kuma Kano ta riga ta gwada. Jami'ar Bayero ta buɗe tashar megawat 7.1 a 2019, aka ƙaddamar da wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Amma jami'a da rana take cin wuta, otal kuwa da dare, lokacin da farantan sola suka tashi aiki. Batir ke cike giɓin, shi ne kuma ya fi komai tsada. Injiniyan kirki zai tura duk aiki mai nauyi zuwa tsakar rana: a cika tankuna, a yi wanki da guga, firiza ta ƙanƙare, batir ya ji da ɗakuna da fitilu kawai. Janareto ya zama na ko-ta-kwana. A kuma raba layuka, ta yadda matsalar kicin ba za ta jefa ɗakunan baƙi cikin duhu ba.

Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, don haka tun a zane a kai famfo da tsani inda mai wankewa zai hau. Zafin bazara ma rage ƙarfin yake yi, ba ƙarawa ba, sai a ɗaga farantan iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsu.

Abin da ya fi damuna, sai magini ya gama, an yi fenti, sannan a kira mai wayarin. Alhali bango mai kauri, da baranda, da tagar da ba ta kallon yamma, da darbejiya a tsakar gida, suna rage aikin esi tun ba a sayi batir ko ɗaya ba. Wanda ya taɓa zama a zauren ƙasa da azahar a cikin gari ya san abin da nake faɗa. A zaunar da injiniyan lantarki da mai zanen gini a teburi ɗaya ranar da za a fara auna fili.