Idan Baƙin Mai Ya Koma Kalar Shayi Da Madara

Da yawa daga cikinmu, idan an tashi daga makaranta, gareji muke wucewa a Mantiƙa Sina'iyya ta Omdurman ko ta Khartoum, wasunmu kuma da Amjad ko Hiace ake ciyar da gidajensu. Shi ya sa a bana muka zaɓi mu yi bayanin wata cutar injin da ke cinye jarin mutum cikin kwana biyu, wato haɗuwar baƙin mai da ruwan lagireto, wanda a nan muke ce wa lidetar.

A cikin injin akwai hanyoyin mai, akwai hanyoyin ruwa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa amma ba su haɗuwa. Abin da ya raba su a tsakanin kan injin da gangar jikinsa shi ne gasket. Haka abin yake ko a motar tsere, ko a Amjad ɗin baba. To ga zafin garinmu, a watan Mayu da Yuni yakan wuce digiri 40, ga ƙurar habub tana toshe lagireto. Injin ya yi zafi fiye da kima, kansa ya lanƙwashe, musamman na alminiyam, gasket ta ƙone, shi ke nan an buɗe ƙofa.

Yaya ake ganewa? A bari injin ya huce tukuna. Murfin lagireto yana riƙe ruwa har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, wanda ya buɗe shi da zafi fuskarsa ce za ta sha. Sai a zaro ma'aunin baƙin mai. Idan ya fito kamar shayi da madara, kuma ya hau sama da alamarsa alhali ba a ƙara ba, ruwa ya shiga. A duba ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan injin ya ɗumama, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto. Fulogin da ya fito tas kamar an wanke shi, a silindarsa ruwan ke shiga.

Amma fa kada a yi gaggawa, nan ne ake asarar kuɗi. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai kaɗai, a sanyin Janairu, ga motar da ba ta tafiya mai nisa, sau da yawa raɓa ce kawai. Idan kuma mai ne ke yawo a saman ruwa amma ma'auni ya fito lafiya, a fara zargin na'urar sanyaya mai a motocin da ke da ita, domin ƙarfin turin mai ya fi na ruwa, shi ke kutsawa. In man ja-ja ne, mota kuma otomatik ce, man giya ne ya fasa ta cikin lagireto, kan injin ba ruwansa. Mun ga an sauke kan injin ɗungurum a banza, alhali gyaran bai kai rabin haka ba. Usta nagari yakan fara da gwajin iska a lagireto da gwajin ƙarfin silinda kafin ya ɗauki sifana.

In an tabbatar ruwa ya shiga mai, kada a ce bari a lallaɓa zuwa Suƙ Libya a dawo. Mai mai ruwa ba ya riƙe ƙarfe, sai injin ya buga. A ja motar zuwa gareji. A auna kan injin ko ya lanƙwashe kafin a sa sabuwar gasket, a wanke hanyoyin, a sauya mai da tace, sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, fanka ce, famfon ruwa ne, ko lagireton da ruwan famfo ya cika da tsatsa.