Rajistar sunayen fumfuna da naman kaza

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2013, duk masanin da ya gano sabon nau'in fumfuna, ko naman kaza, ko yisti, ko irin ƙwayoyin nan masu kawo makero a fata, ba shi da ikon raɗa masa suna haka kawai. Sai ya fara shigar da sunan a rumbun bayanai na intanet, an ba shi lamba, sannan ya buga lambar tare da bayanin halittar. In babu lamba, sunan bai zauna ba, ko da a mujallar da ta fi kowace daraja ya fito. An tsayar da wannan ƙa'ida ne a babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a 2011.

Rumbuna uku aka amince da su. Akwai MycoBank da aka buɗe a 2004, wanda cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a ƙasar Holan ke kula da shi, akwai Index Fungorum na lambun Kew da ke Landan, sai Fungal Names na Beijing a ƙasar Sin. Suna musayar bayanai a tsakaninsu, kuma kowa na iya shiga ya duba kyauta.

Yawan halittun ne ya sa dole. Waɗanda aka raɗa wa suna sun kai kusan 150,000, amma ƙiyasin da David Hawksworth da Robert Lücking suka fitar a 2017 ya ce jimillarsu tana tsakanin miliyan 2.2 da 3.8. A da, sunayen a warwatse suke cikin mujallu da tsofaffin littattafai. Wani a Japan ya raɗa wa halitta suna, bai san wani a Jamus ya riga shi da shekara hamsin ba.

Akwai kuma wani ruɗani da masanan suka jawo wa kansu. Fumfuna da yawa suna da kama biyu: wadda suke ɗauka in suna yaɗuwa ba tare da barbara ba, da wadda suke ɗauka in za a yi barbara. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ka rantse halittu biyu ne, don haka doka ta yarda kowace kama ta samu sunanta. Cutar nan mai ƙone ganyen shinkafa, wani littafi zai ce Pyricularia ce, wani ya ce Magnaporthe, alhali abu ɗaya ne. Da binciken ƙwayar gado ya kankama, uzuri ya ƙare, taron Melbourne ya ce halitta ɗaya, suna ɗaya. Ko fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu in ba su bushe sosai ba, mai sakin gubar aflatoksin da ke lalata hanta, an taɓa ba ta suna na biyu, Petromyces flavus. Yau Aspergillus flavus kawai ake ce mata, kuma jami'in gona a Kano da mai gwajin kaya a Turai sun san abu ɗaya suke nufi.

Sai dai kada a ɗauki lambar a matsayin shaidar gaskiya. Kamar takardar haihuwa ce: tana nuna an raɗa suna, wa ya raɗa, da inda aka ajiye samfurin farko da za a riƙa komawa gare shi. Ba ta tabbatar da cewa halittar sabuwa ce. Wannan muhawara ce ta masana, kuma sukan yi shekaru suna yin ta.

Inda na fi tausaya wa mutane shi ne asibiti. Likita ya haddace cewa Candida krusei ba ta jin maganin fluconazole, sai masana suka duba asalinta suka ce ai Pichia kudriavzevii ce. Hujjarsu mai ƙarfi ce, amma likitan da sakamakon gwaji ya zo masa da baƙon suna da tsakar dare yana iya rubuta maganin da ba zai yi aiki ba. Shi ya sa ake ba ɗakunan gwaji shawarar su riƙa rubuta sunayen biyu a takardar sakamako, sabon da tsohon, har sai ma'aikata sun saba.