Kyautar Furen Wardi: A Gwada Kafin A Raba

Bara da kaka wani dattijo mai lambu, da ya ga ƙarfinsa ya ja baya, ya kira ni ya ba ni wardi iri 12 da ya daɗe yana reno, ya ce a raba wa jama'a kada irin ya ɓace. Tun ran nan mutanen Rano da Kibiya ba su bar ni na huta ba, kowa sai ya ce, "Malam, yaushe za a ba mu?" To, ga amsa.

Alhazanmu sun san turaren wardi na Ɗa'ifa. Amma waɗannan na hannunmu aikin masu haɗa iri ne na ƙasashen Turai. A 1867 wani Bafaranshe, Guillot, ya fitar da irin da ake kira La France. Wani kuma, Meilland, ya haɗa wanda aka raɗa wa suna Peace a 1945. Duk a ƙasar sanyi aka haife su. Ko a Kenya, inda ake nomansa don sayarwa Turai, a tuddai masu sanyi wajen Naivasha ake yi. Zafinmu na watan Afrilu kuwa ba ya raga wa baƙo.

Saboda haka muka ajiye iyayen a inuwa, muka dasa 'ya'ya uku uku na kowane iri a fili, tsakaninsu ƙafa uku, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, kowane da lambarsa a littafi. Abu huɗu muke dubawa: jimirin bazara, ɓarnar gara, cutar baƙin tabo da ke kakkaɓe ganye da damina, kana yawan fure da ƙanshinsa. Iri 4 sun ƙone tun kafin ruwan fari, har da wanda ya fi duka kyau da hunturu. Da mun yi gaggawar raba shi, da mutane sun yi wata biyar suna jan guga a banza.

In kaka ta yi, za a raba waɗanda suka tsira. Kada kowa ya nemi ƙwaya, gama ƙwayar irin nan ba ta haifar mai kama da uwarta. Reshe ake yanka mai kaurin fensir, tsawon inci 8, a kafa cikin rairayi da ruɓaɓɓen taki a inuwa, ko kuwa a yi masa aure kamar mangwaro. Kada a yanka daga itacen da ganyensa ya yi rodi-rodi, don cutar tana bin reshe.

Za mu fara da masu rijiya da waɗanda ke kusa da ruwan Tiga. Sharaɗin ɗaya ne: wanda nasa ya kama, baɗi ya ba mutum biyu, ya kuma gaya mini yadda ya yi.

Gargaɗi na ƙarshe. Kada wani ya tuge albasarsa ko tumatir don wardi, domin masu sayen fure kaɗan ne ko a birnin Kano. A ba shi gefen lambu ko tsakar gida tukuna. Allah ya saka wa dattijon nan, ya kai mu kaka lafiya.