Montgenèvre: Da rana masu hutu na zamiya, da dare baƙin haure na tsallake iyaka

Daga watan Disamba zuwa Afrilu, ƙauyen Montgenèvre da ke kan tsaunukan Alpes na Faransa yakan cika maƙil da masu hutu. Ƙauyen yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,850, dab da iyakar Italiya, kuma abin da ke kawo jama'a shi ne ski, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa. A nan aka shirya gasar ski ta ƙasa da ƙasa ta farko a Faransa, a shekarar 1907.

Tsayin wurin shi ne jarinsa. Yayin da ɗumamar yanayi ke hana dusar ƙanƙara zama a wuraren da ke ƙasa-ƙasa, har wasunsu suka rufe, na can sama irin Montgenèvre suna ci gaba da samun baƙi. Hanyoyin zamiyarsa sun haɗe da na ɓangaren Italiya, irin su Sestriere da aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 2006, gaba ɗaya kusan kilomita 400. Da safe mutum zai hau kujerar da igiyar ƙarfe ke ja zuwa ƙololuwa, ya gangaro ya ci abincin rana a Italiya, ya koma otal ɗinsa a Faransa kafin magariba, babu wanda zai tambaye shi takarda.

Sai dai hutun na masu hannu da shuni ne. Tikitin hawa na yini guda ya haura euro 40, wato fiye da jika 26 na sefa, sama da rabin mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda yake jika 42 a wata. Ga hayar takalma da alluna, ga kuɗin mai koyarwa, ga masauki da ke ƙara tsada a hutun makarantu na watan Fabrairu. Ko a Faransar ma, kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke zuwa irin wannan hutu.

Da yamma, idan injinan hawa suka tsaya, wasu matafiyan ne ke fitowa. Tun da Faransa ta maido da binciken iyaka a 2015, hanyar bakin teku ta Ventimiglia ta yi wuya, baƙin haure suka juyo ta tsauni. Daga 2017 dubbai sun bi ta wannan yanki. A shekarun farko mafi yawansu matasa ne ƴan Afirka ta Yamma, musamman Gini da Kodebuwa, kuma da yawa cikinsu ta Agadas suka ratsa zuwa Libiya kafin su haye teku. Daga baya ƴan Afganistan, Iran da Sudan suka ƙaru, har da iyalai masu goyo.

Daga garin Oulx na Italiya suke shiga mota zuwa Claviere, ƙauyen ƙarshe kafin iyaka. Birnin Briançon bai wuce kilomita 15 daga can ba, amma ofishin ƴan sandan iyaka yana kan titi a Montgenèvre, don haka sai su kauce, su bi daji da gefen hanyoyin zamiya cikin duhu. Wanda aka kama akan mayar da shi Italiya, washegari ya sake gwadawa ta inda ya fi tsayi da haɗari.

Wanda ya saba da sanyin hunturun Damagaram ko Tawa bai san wannan ba. Da dare awon sanyi kan sauka ƙasa da sifiri da maki goma ko fiye, ƙafa na nutsewa cikin ƙanƙara har gwiwa, takalmin yawo kuwa jiƙewa yake ya daskare. An yanke wa wasu yatsu a asibiti. A watan Mayun 2018 an tsinci gawar wata matashiya ƴar Najeriya a kogin Durance, wanda mafarinsa ke Montgenèvre. A Fabrairun 2019 wani ɗan Togo ya rasu saboda tsananin sanyi, bayan an same shi kwance a gefen titin da ke gangarawa Briançon.

Mutanen yankin ba duka suka naɗe hannu ba. Ƴan sa-kai na ƙungiyar Tous Migrants, tare da ma'aikatan lafiya na Médecins du Monde, sukan fita sintirin dare ɗauke da shayi mai zafi, barguna da safar hannu, su sauko da waɗanda suka galabaita zuwa masaukin da aka buɗe a Briançon tun 2017. Wasu cikinsu sun sha tambayoyi a hannun ƴan sanda, wasu har gaban alƙali.

Faransa ce za ta karɓi wasannin Olamfik na hunturu na 2030, kuma a tsaunukan Alpes ɗin nan za a yi su.