Rundunar Jiragen Yaƙin Amurka Ta 57 Da Hanyar Da Ta Ratsa Kano

A ran 21 ga watan Yuni na shekarar 1942, garin Tobruk na ƙasar Libiya ya faɗa hannun Janar Rommel na Jamus. Labarin ya iske Firayim Ministan Ingila, Winston Churchill, yana baƙunci wurin Shugaba Roosevelt a birnin Washington. Kowa ya san idan ba a tare Rommel ba, Masar da mashigin Suwes sun tafi ke nan. Cikin gudunmawar da Amurka ta yi alkawari nan take har da wata rundunar jiragen saman yaƙi, wadda ake kira Runduna Ta 57, a ƙarƙashin Laftanal-Kanal Frank Mears.

Yin alkawari ba wuya, amma ta ina jiragen za su bi? Bahar Rum ba ta biyuwa saboda Jamusawa da Italiyawa, kewayawa ta kudancin Afirka kuwa tafiyar makonni ce. Sai aka loda jirage 72 samfurin P-40 a kan wani ƙaton jirgin ruwa mai suna Ranger, ya baro Amurka ran 1 ga Yuli. Ran 19 ga wata, da ya kawo daidai gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, matuƙan suka riƙa tashi daga bisansa ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a Ankara. Abin mamaki shi ne waɗannan samari ba mayaƙan ruwa ba ne, sun saba da tashi daga tudu ne kawai.

Daga nan suka kama hanyar da Turawan Ingila suka buɗe tun watan Satumba na 1940, wadda ake kira hanyar Takoradi. Zangunanta su ne Ikko, da Kano, da Maiduguri, sannan a ratsa Cadi a faɗa Sudan ta Janaina da Fashir, har Hartum, kana a bi kogin Nilu zuwa Alƙahira, tafiyar kusan mil 3,700. Wanda ya san tarihin alhazan ƙasa zai ga cewa daga Kano zuwa Hartum kusan sawun da mahajjata suka daɗe suna bi da jakuna da raƙuma ne aka bi ta sama. Al'adar hanyar ita ce ƙananan jirage su tashi ayari-ayari, babban jirgi mai inji biyu yana gaba a matsayin madugu, domin ƙaramin jirgin yaƙi mutum ɗaya yake ɗauka, ba shi da wanda zai duba masa taswira. Ga shi kuma Yuli tsakiyar damina ce, hadari yana iya haɗuwa a gaban ayari ba sallama.

Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun watan Nuwamba na 1925 jiragen sama suka fara sauka a cikinta. Amma yaƙin nan shi ya mai da filinta babban zango, inda ake shan mai, a yi gyara, matuƙa su kwana.

Wani haɗarin kuma yana arewa. A lokacin ƙasar Gumel tana cikin Lardin Kano, iyakarta ta Maigatari kuwa, inda yanzu aka kafa yankin ciniki maras haraji, ba iyakar kasuwa kaɗai ba ce. Bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, ba ta juya ba sai ƙarshen 1942. Jirgin da ya tashi daga Kano ya kauce ya yi arewa, ba zai yi rabin sa'a ba zai tsinci kansa a samaniyar Damagaram, inda ba shi da masauki. Abin da ya ceci hanyar shi ne Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata, wanda ya yi mubaya'a ga Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Da Cadi ta bi sahun Nijar, da hanyar ta yanke a Maiduguri. Jamusawa ma sun san darajarta, shi ya sa a Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara ya yi ruwan bom a ma'ajiyar mai ta Fallomi, wato Njamena.

Rundunar ta isa Falasɗinu, ta koyi yaƙin hamada a hannun mayaƙan saman Ingila, sannan ta shiga gumurzun Alamein a watan Oktoba, ta bi Rommel tana fatattaka har Tunisiya.

Ranar da ta yi suna ita ce 18 ga Afrilu, 1943, lokacin Kanal Arthur Salisbury ne shugabanta. Da yammacin ranar, jiragenta da na wani rukuni da aka haɗa mata, da rakiyar jiragen Spitfire na Ingila, suka ci karo da babban ayarin jiragen dakon kaya na Jamus samfurin Ju 52, suna tafiya ƙasa-ƙasa bisa teku kusa da tsinin Bon. Amurkawa suka ce sun kakkaɓo kusan 60 daga cikinsu, su kuma sun yi hasarar shida. Lissafin Jamusawa ya sha bamban: 24 aka harbo, wasu 35 suka yi saukar dole a bakin gaɓa. Ba abin mamaki ba ne, don a tsakiyar artabu matuƙa biyu sukan harbi jirgi ɗaya kowa ya ƙirga nasa ne. Ko ta wane lissafi aka bi, ba da daɗewa ba Jamus ta rasa sukunin yi wa sojojinta jigila da rana, kuma ran 13 ga Mayu ragowarsu a Tunisiya suka ajiye makamai.

Daga baya rundunar ta koma tuƙa jirage samfurin P-47, ta zauna a tsibirin Kosika a 1944 tana farfasa gadoji da hanyoyin jiragen ƙasa na Italiya, har aka ɗauki sinimar aikinta mai suna Thunderbolt. An sallame ta a Amurka cikin watan Nuwamba na 1945. Filin Kano kuwa ya ci gaba da zama zangon jiragen fasinja tsakanin Turai da kudancin Afirka, kuma shi ne yanzu yake ɗauke da sunan Malam Aminu Kano.